Me ya sa Girkawa suka kira Akilis jarumi bayan ya ja gawar Hekta a ƙasa?

"Malam, barka da aiki. A darasin adabin duniya an ba mu labarin yaƙin Taroyi daga waƙar Homa, kuma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Akilis ya yi fushi don an ƙwace masa mace ɗaya, ya zauna yana kallo ana karkashe 'yan'uwansa. Da aka kashe amininsa kuma sai ya tashi ya kashe Hekta, ya ɗaura gawarsa a keken doki yana ja. Ni a wurina Hekta ne mutumin kirki, tunda garinsu yake karewa. To me ya sa Akilis ne ake kira babban jarumi? Ko dai Girkawan da ba su ɗauki ramuwar gayya a matsayin aibi ba ne?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa: wace irin daraja Akilis ya ga an taɓa har ya ajiye makami, sannan ita kanta waƙar, goyon bayan ramuwarsa take yi ko tuhumarta. Bari in ba ka matsayina tun yanzu don ka riƙa auna shi da abin da zai biyo baya. A fahimtata, Iliyad, wato waƙar nan ta Homa, ta ɗauko mutumin da ya fi kowa ƙarfi a cikin al'ummar da komai yake da farashi, har mutunci da jini, ta bar shi ya gano cewa akwai asarar da ba abin da ke biyanta, sannan ta bi shi a baya don a ga inda zai tsaya. Ta nuna ramuwar ƙiri-ƙiri, amma ba a kanta ta rufe ba.

Ana jingina waƙar ga Homa, kuma yawancin masana suna ganin ta sami siffar da muka sani tsakanin ƙarni na 8 da farkon na 7 kafin Miladiyya, bayan an daɗe ana rera irinta da ka. Tana da ɗango sama da 15,600, an kasa su babi 24. Garin da ake magana a kai yana arewa maso yammacin Turkiyya ta yau, a tudun Hisarlik, inda Bajamushen nan Hainrik Shiliman ya yi haƙa a shekarun 1870. Yaƙin shekara 10 aka yi ana gwabzawa, amma waƙar kwana 50 da 'yan kai kawai ta ɗauka daga shekarar ƙarshe. Ba dokin katako a cikinta, ba mutuwar Akilis, ba faɗuwar garin. Da fushin Akilis ta buɗe, da jana'izar Hekta ta rufe.

Abin da aka ƙwace

Rigimar ta faro daga wani dattijo mai hidimar Afolo, ɗaya daga allolin Girkawa, wanda ya zo sansani da dukiyar fansa yana roƙon a sako masa 'yarsa da ta faɗa rabon Agamemnon, babban sarkin rundunar. Jama'a suka ce a karɓa, Agamemnon ya kore shi da baƙar magana. Annoba ta faɗa wa sansanin kwana 9, a na 10 Akilis ya tara mutane, mai duba ya faɗi dalili. Agamemnon ya yarda ya mayar da yarinyar, amma ya ce ba zai zama shi kaɗai ne ba shi da kason girma ba, saboda haka zai ɗauke Birisayis wadda runduna ta ba Akilis. Bai ma ɓoye nufinsa ba: ya ce don Akilis ya san wanda ya fi wani, kuma don kada gobe wani ya sake tsayawa ya yi masa magana kamar tsaransa.

Ka riƙe wannan hoton na tsoho da ya kawo fansar ɗiyarsa aka ƙi karɓa, za mu sake haɗuwa da irinsa.

A duniyar waɗannan mayaƙa ba albashi, ba takardar shaida, ba kotun da za ka kai sarki ƙara. Darajar mutum abin gani da ido ce: inda ake zaunar da shi, yankan naman da ake ajiye masa, yadda ake cika masa ƙoƙo, gonar da aka yanka masa, da kason da ake ware masa daga ganima kafin a raba saura. Wannan kason shi ne shaidar da runduna ta bayar cewa wane ya kai. A ƙwace shi a gaban taro tamkar a tuɓe wa basarake rawani ne a ƙofar fada ranar hawan salla, inda ba wanda zai tsaya lissafin kuɗin yadin. Shi ya sa idan ka ce "mace ɗaya", ka faɗi gaskiya, amma ka ƙirga abin da Akilis ba shi yake ƙirgawa ba.

Wanda ya fi kowa bayyana wannan tsari a waƙar shi ne Sarfedon, sarkin Likiya da ya zo taimakon Taroyi. A babi na 12 ya tambayi abokinsa Gilaukus me ya sa a gida ake ba su wurin zama na gaba da nama da gonaki a bakin kogi. Shi ya amsa wa kansa: don ranar yaƙi su ne a sahun farko, kada talakawansu su ce banza suke ci. Sai ya ƙara abin da ya fi wannan nauyi, cewa da gudun yaƙi zai sa su dawwama ba tsufa ba mutuwa, da shi ma bai shiga ba, bai kuma tura abokinsa ba. Amma tunda mutuwa ta kewaye kowa ta hanya dubu, gara su je. Wato yarjejeniya ce: jama'a su ba ka girma kana raye, mawaƙa su riƙe sunanka bayan ka mutu, kai kuma ka ba da ranka. Akilis ya san ransa gajere ne, mahaifiyarsa Tetis ta gaya masa. Ya kuma faɗa a taron cewa mutanen Taroyi ba su taɓa kore masa shanu ko dawaki ba, ba su ɓata masa gona ba. Ya zo ne don mutuncin Agamemnon da ɗan'uwansa Menelawus, wanda Faris, ɗan sarkin Taroyi, ya gudu da matarsa Helen. Idan wanda aka zo karewa shi ne ya karya yarjejeniyar, a kan me zai ci gaba da ba da ransa?

Wannan bai wanke shi ba. Janyewa daga yaƙi ɗaya ne, roƙon da ya sa mahaifiyarsa ta kai wa Zeyus, shugaban allolinsu, cewa a bar Taroyawa su karkashe Girkawa har sai sun gane darajarsa, wannan wani abu ne daban. Kuma roƙon nan ne ya dawo ya ci amininsa.

Daren ban haƙuri

Babi na 9 shi ne inda nake so ka fi daɗewa. Taroyawa sun matso har suna kwana a fili kusa da jiragen Girkawa, wutarsu tana ci ko'ina. Agamemnon ya tura mutum uku su ba Akilis haƙuri: Odisiyus mai iya magana, Ajas ƙaton mayaƙi, da Finiks, tsohon da ya rene shi. Suka iske shi yana kaɗa abin kiɗansu mai tsirkiya yana rera yabon mazan jiya, amininsa Fatrokulus na zaune gabansa shiru. Ya tarbe su da kyau, shi da kansa ya yanka naman da aka gasa musu. Bayan an ci an sha Odisiyus ya zayyano tayin: tukwane masu ƙafa uku guda 7 da wuta ba ta taɓa ba, zinariya awo 10, manyan tukwanen tagulla 20, dawakin tsere 12, mata 7 daga tsibirin Lesbos, a mayar masa da Birisayis tare da rantsuwar cewa ba a taɓa ta ba, in an ci Taroyi ya zaɓi mata 20, sannan ya auri ɗaya daga 'ya'yan Agamemnon mata uku ba sadaki, a haɗa masa da garuruwa 7.

Akilis ya yi fatali da su duka.

Idan muka iso nan a aji nakan sa ɗalibai su karanta jawaban da murya, kowa ya ɗauki mutum ɗaya. Kusan kullum ran masu sauraro yakan ɓaci da Akilis, su ce wannan taurin kai ne kawai. Sai in ce su koma baya kaɗan su karanta yadda Agamemnon ya rufe saƙonsa kafin 'yan aiken su tashi. Ya rufe ne da cewa Akilis ya sunkuyar masa da kai, tunda ya fi shi sarauta ya kuma girme shi. Odisiyus ya maimaita jerin kayan kusan kalma da kalma, ya haɗiye wannan jimlar. Agamemnon ya amsa a gaban dattawa cewa hankalinsa ya gushe ranar, amma bai tako da ƙafarsa ba, kuma amsa laifin bai shiga saƙon ba. Kyauta mai yawa irin wannan, har da mayar da mutum surukinka, hanya ce ta nuna wanda yake sama. Akilis ya ji ƙanshin haka, shi ya sa ya fara amsarsa da cewa ya tsani mutumin da ke ɓoye abu a ciki ya faɗi wani a baki kamar yadda ya tsani ƙofar lahira.

Daga nan maganarsa ta wuce Agamemnon ta taɓa tsarin gaba ɗaya. Ya ce ya ci garuruwa 12 ta ruwa, 11 ta ƙasa, yana kawowa ana rabawa, kamar tsuntsuwar da ke kai wa 'ya'yanta abinci ita tana kwana da yunwa. Ga shi wanda ya zauna a baya da wanda ya yi yaƙi rabonsu ɗaya, matsoraci da jarumi mutuwa ɗaya suke yi. Ya ce shanu da tumaki ana iya kwaso su a hari, tukwane da dawaki ana iya samunsu, amma ran mutum in ya riga ya fita ta tsakanin haƙora ba harin da ke dawo da shi. Sannan ya faɗi zaɓi biyun da ke gabansa: ya tsaya a Taroyi ya mutu da wuri sunansa ya dawwama, ko ya koma gida ya tsufa a manta da shi. A wannan daren, mutumin da ake kira babban jarumin Girkawa na biyun ya ce ya zaɓa.

Ajas ne ya yi magana mafi gajarta, kuma ita ta fi shigarsa. Ya ce mutum ana kashe masa ɗan'uwa, ko ma ɗan cikinsa, ya karɓi diyya. Wanda ya yi kisan ya biya mai yawa ya ci gaba da zama a gari, shi kuma mai jinin ya danne zuciyarsa. Kai kuma a kan yarinya ɗaya ka kafe. Wannan jimlar ita ce amsar rabin tambayarka. Girkawan Homa sun san ramuwa, suna ganin haƙƙi ce, amma sun kuma san diyya, kuma suna ganin mutumin da ya ƙi karɓarta ya fita daga abin da jama'a suka sani. Ko a garkuwar da aka ƙera wa Akilis daga baya, a babi na 18, cikin zanen birnin da ke zaman lafiya akwai mutum biyu suna jayayya kan diyyar wani da aka kashe, dattawa na zaune a da'ira kan duwatsu masu santsi, an ajiye zinariya awo biyu a tsakiya don wanda hukuncinsa ya fi miƙewa. Akilis ya ɗauki wannan hoton a hannunsa ya shiga kisan da ba diyya a cikinsa.

Wani abu da mai karatu da sauri yakan tsallake: amsar Akilis ta yi ta laushi a daren. Ga Odisiyus ya ce gobe da safe zai hau jirgi ya tafi. Ga Finiks ya ce da safe za su yanke shawara. Ga Ajas ya ce ba zai yi yaƙi ba sai Hekta ya iso jiragensa. Ya kasa tafiya, ya kasa komawa fage, kuma a wannan tsaka-mai-wuyar ne ya ara wa Fatrokulus sulkensa.

Fushi na biyu

Fatrokulus ya kori Taroyawa daga jirage, ya kashe Sarfedon, ya wuce iyakar da aka gindaya masa, Hekta ya ƙarasa shi ya tuɓe sulken. Daga wannan lokacin maganar mutunci ta mutu a wurin Akilis. Da aka kawo kayan Agamemnon a babi na 19 ko kallon kirki bai yi musu ba. Ya ce a kawo ko a riƙe duk ɗaya. Ya ƙi ci ya ƙi sha. Mahaifiyarsa ta gaya masa in ya kashe Hekta nasa kwanan na biye, ya ce to ya mutu yanzu ma, tunda bai tsare amininsa ba, ya zauna gefen jirage ya zama kaya a bayan ƙasa. Shi da bakinsa ya la'anci fushi, ya ce ya fi zuma daɗi lokacin da yake tsiyaya, sannan ya turnuƙe ƙirji kamar hayaƙi. Abin da nake so ka lura da shi: mutumin da Akilis ya fi jin haushi a nan shi ne kansa, kuma kashe Hekta ba zai taɓa wannan ba.

In kana son ganin yadda ya sauya, dubi Likawon a babi na 21. Wannan yaro ɗan Firiyam ne, sarkin Taroyi kuma mahaifin Hekta. A da Akilis ya taɓa kama shi da dare yana saran rassan ɓaure a gonar ubansa, ya sayar da shi a tsibirin Lemnos, aka fanso shi. Kwana 11 ya yi a gida, a na 12 ya fito daga kogi ba mashi ba garkuwa ya yi kiciɓis da Akilis. Ya rungume gwiwarsa da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe mashin, yana tuna masa cewa ya taɓa cin abinci a wurinsa, kuma shi da Hekta ba uwarsu ɗaya ba. Akilis ya ce kada ya yi masa maganar fansa. Ya ce kafin Fatrokulus ya mutu ya fi son ya bar mutane da rai ya sayar, yanzu kuwa ba wanda zai tsira. Sai ya kira shi aboki, ya ce kai ma ka mutu, kukan me kake yi. Fatrokulus ma ya mutu kuma ya fi ka nesa ba kusa ba. Ni ɗin nan da kake gani, wata safiya ko yamma ko tsakar rana wani zai ɗauke raina. Yaron ya saki mashin ya zauna ya buɗe hannuwansa biyu. Akilis ya sare shi, ya kama ƙafarsa ya wurga shi kogi. Duk lokacin da na karanta wannan wurin a gaban ɗalibai sai na dakata kafin in ci gaba.

Game da Hekta, ina tare da kai a mafi yawan abin da ka faɗa, kuma Homa ma ya ba shi wuraren da suka fi taushi a waƙar. A babi na 6 matarsa Andiromaki ta tare shi a ƙofar gari da jaririnsu, yaron ya tsorata da gashin dokin da ke kaɗawa a saman kwalkwalin ubansa, iyayen suka yi dariya, Hekta ya cire kwalkwalin ya ajiye a ƙasa ya ɗauki ɗansa. Amma ka duba dalilin da ya ba ta na ƙin tsayawa bayan ganuwa: kunyar maza da matan Taroyi. Ita kunyar nan ce ta kashe shi. Abokinsa Fulidamas ya ba shi shawara a koma cikin gari tunda Akilis ya dawo, ya ƙi, aka yi wa rundunarsa kaca-kaca. Da kowa ya shige ya rage shi kaɗai a waje, ubansa da uwarsa suna roƙonsa daga kan ganuwa, abin da ya hana shi shiga shi ne kada wani wanda bai kai shi ba ya ce Hekta ya dogara da ƙarfinsa ya hallaka jama'a. Garin da yake karewa ya fi bukatarsa a raye. Ma'aunin da ya ɗaure Akilis shi ne ya ɗaure Hekta, kowa da inda ya kama shi.

Sun zaga ganuwa sau uku kafin Hekta ya tsaya. Ya nemi su yi alkawari wanda ya yi nasara ya mayar da gawar ɗan'uwansa. Akilis ya ce ba alkawari tsakanin zaki da mutum. Da Hekta ke mutuwa ya sake roƙo a karɓi fansa daga iyayensa, Akilis ya ce da ma zuciyarsa za ta yarda ya ci namansa ɗanye. Ya huda agarar ƙafafunsa biyu, ya zura igiyar fatar shanu, ya ɗaure a keken. A daidai lokacin matar Hekta tana cikin gida tana saƙa, ta sa an ɗora ruwan wankan mijinta. Daga baya kuma ya yanka samarin Taroyi 12 a kan itacen ƙona gawar Fatrokulus.

Tsoho a cikin bukka

To ramuwar ta biya? Babi na 24 ya buɗe da Akilis ya kasa barci. Ya juya ta gefe, ya koma rigingine, ya kifa ciki, ya tashi ya yi ta yawo a bakin teku. Gari na wayewa ya ɗaura dawaki, ya ja gawar sau uku a kewayen kabarin amininsa, ya bar ta kife cikin ƙura. Gobe ma haka. Abin da mutum ke maimaitawa kullum bai ƙosar da shi ba ke nan. A rana ta 12 Afolo ya tashi a taron alloli ya ce Akilis ya kashe tausayi, kunya ma ta bar shi. Ya ce mutane kan rasa wanda ya fi amini kusa, ɗan'uwa ciki ɗaya ko ɗa, su yi kuka su haƙura. Wannan hukunci daga cikin waƙar ya fito, ba mu muka ɗora mata ba.

Sai ga tsohon nan na biyu. Firiyam, mai 'ya'ya maza 50 da yaƙi ya cinye mafi yawansu, ya loda dukiyar fansa a keken alfadarai, ya fita da dare shi da dattijo ɗaya. Ya shiga bukkar Akilis ba wanda ya gan shi, ya rungume gwiwarsa, ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa 'ya'ya. Bai yi maganar haƙƙi ko al'ada ba. Ya ce ka tuna mahaifinka, tsoho ne kamar ni. Shi aƙalla yana jin kana raye. Akilis ya kama hannunsa ya ture shi a hankali, su biyun suka fashe da kuka, ɗaya yana kukan Hekta, ɗaya yana kukan ubansa da Fatrokulus.

Abin da ya sa na yarda da wannan wurin shi ne Homa bai mai da Akilis wani mutum daban ba. Da tsohon ya matsa a ba shi gawar da wuri, Akilis ya harare shi ya ce kada ya tsokane shi. Ya sa a wanke gawar inda uban ba zai gani ba, don gudun kada tsohon ya ga halin da take ciki ya kasa danne fushi, shi kuma zuciya ta ɗebe shi ya kashe baƙonsa. Ya san abin da ke cikinsa, ya yi masa shinge. Ya bar mayafi biyu da riga ɗaya daga kayan fansar don a lulluɓe gawar, shi da hannunsa ya ɗaga ta ya ɗora a makara, yana roƙon Fatrokulus kada ya ji haushi. Sannan ya yanka farar tunkiya ya ce su ci abinci, suka ci. Ya tambayi tsohon kwana nawa yake bukata na jana'iza, aka ce 11, a na 12 a koma yaƙi in ya zama dole. Ya ce zai riƙe rundunar har lokacin. Fansar da aka ƙi a babi na 1, da diyyar da Ajas ya yi magana a kanta a babi na 9, a nan aka karɓe su, ba don dukiyar ta kai farashin Fatrokulus ba, kowa a ɗakin ya san ba ta kai ba.

To jarumi ne?

Sunan da Homa ke kiran mayaƙan nan da shi, wanda ake fassarawa da "jarumi", ba yabon hali ba ne. Da shi yake kiran mazan ɓangarorin biyu, na kirki da waɗanda ba na kirki ba. Akilis ya yi fice ne don ya fi kowa a fage, ya san ranar mutuwarsa ya nufe ta, kuma shi kaɗai ya tsaya ya tambaya ko cinikin rai da suna yana da riba. Girkawan baya ma sun rabu a kansa. Iskandari na Masedoniya ya ziyarci Taroyi a shekarar 334 kafin Miladiyya ya girmama kabarin da ake cewa na Akilis ne. Aflatun kuwa, a littafinsa kan tsarin mulki, ya kawo jan gawar Hekta da yanka samarin nan cikin abubuwan da bai kamata matasa su ji an jingina wa jarumi ba. Tambayarka ta girmi shekara 2,000.

Akwai inda karatuna yake da iyaka, kuma ya dace ka sani. Da mai waƙar ya kira jan gawar aikin wulaƙanci, masana sun yi saɓani: wasu sun ce Akilis yake zargi, wasu sun ce yana bayyana abin da ya sami Hekta ne kawai. Na fi karkata ga na farko saboda maganar Afolo, amma na biyun ma suna da hujja. Sannan tausayin da waƙar ta nuna bai kai ga kowa daidai ba. Birisayis da ake ta ƙirgawa cikin tukwane da dawaki sau ɗaya ta yi magana, a kan gawar Fatrokulus, inda ta ce ta ga an kashe mijinta da 'yan'uwanta maza uku ranar da Akilis ya ci garinsu. Ba wanda ya yi maganar diyyarta.

Kada kuma ka ɗauka duk waƙoƙin Homa hanya ɗaya suka bi. A ɗaya waƙar tasa, Odisi, inuwar Akilis a lahira ta gaya wa Odisiyus gara ya zama ɗan ƙodago a gonar matalauci yana raye da ya mulki matattu duka, amma da ya ji ɗansa ya yi suna a yaƙi sai ya tafi yana murna. Shi kuma Odisiyus da ya dawo gida bayan shekara 20 ya iske mutum 108 suna neman matarsa suna cin dukiyarsa, ɗaya daga cikinsu ya yi tayin kowa ya biya kimar shanu 20 har da zinariya da tagulla. Ya ƙi, ya kashe su duka, ɗansa ya rataye kuyangi 12, kuma waƙar ta tsaya a bayansa fiye da yadda Iliyad ta tsaya a bayan Akilis. Duk da haka ya hana tsohuwar da ta rene shi yin guɗa a kan gawarwakin. Washegari dangin mamatan suka ɗauko makamai, aka fara sabon kisa, sai da alloli biyu, Atina da Zeyus, suka shiga tsakani suka tilasta sulhu, aka ce a mantar da mutane jinin da aka zubar. Mawaƙin bai da wata hukuma ta mutane da zai miƙa wa shari'ar, sai alloli. A birnin Atina na tarihi, wajen shekarar 621 kafin Miladiyya aka rubuta dokar Dirako kan kisan kai, wadda ta ware kisan da ba na ganganci ba, ta yanke masa gudun hijira, ta kuma bar wa dangin mamaci damar yafewa in sun haɗu a kan haka.